A Bar Shi Ya Gwada: Tambayoyi da Amsoshi Kan Murmurewa Daga Mummunan Raunin Ƙwaƙwalwa

Autan gidanmu tela ne. Shekara huɗu ke nan da mota ta kwashe shi a kan babur a hanyar Bauci, nan cikin Jos, ba hular kwano a kansa. Kwana 11 ya yi bai san wanda ke kansa ba. Ni ne babban wansa, kuma mu uku muka yi jinyar: ni, da matarsa, da Mama. Tun daga nan, duk gidan da irin wannan ta faɗa wa a unguwarmu ko a makarantar da nake koyarwa, sai a ce su zo wurina. Abin da nake yawan faɗa musu shi ne a rungumi kasawa, a bar majinyaci ya gwada. Tambayoyin ba sa canzawa sosai, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wani abin daga bakin likitoci na ji shi, wani na karanta, wani kuma zaman tabarmar jinya ne ya koya mini. Likitan da ke duba naku majinyacin shi ne mai magana ta ƙarshe.

Likita ya ce makinsa 7 ne. Me wannan yake nufi?

Ma'auni ne na zurfin suma. Likitoci biyu a Jami'ar Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974, kuma har yau da shi ake aiki a ɗakunan taimakon gaggawa. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki idan an kira mutum ko an matse shi. Mafi ƙanƙantar maki 3 ne, mafi girma 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuwa shi ake kira mummunan rauni.

Makin yana faɗa wa likita halin da ake ciki a wannan sa'ar ne, ba abin da mutum zai zama nan da shekara uku ba. Mutum biyu masu maki ɗaya sukan rabu a hanya. Ya danganta da shekarunsu, da inda ƙwaƙwalwar ta bugu, da saurin cire jinin da ya taru a cikin kai idan ya taru, da yawan kwanakin da mutum ya yi a ruɗe bayan ya farfaɗo, abin safe ba ya kai masa yamma.

Ɗinkin ya warke, yana ci yana tafiya, amma ba shi ne mutumin da muka sani ba. Me ya same shi?

Mata ne suka fi yin wannan tambayar, kuma ƙasa-ƙasa suke yinta don kada dangin miji su ji. Sashen ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi shi ke riƙe da linzamin mutum: tsara abin da za a yi, tashi a fara shi, danne fushi, sanin maganar da ba a yi a gaban suruki. A hatsarin hanya yana cikin sassan da suka fi buguwa, domin ƙwaƙwalwa takan gwaru da ƙashin kai ta ciki, inda yake da kaushi. Shi ya sa mai kunya ke zama mai sakin baki, mai himma ya wuni a kwance yana kallon silin, mai haƙuri ya riƙa jifa da kofi.

Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma shagwaɓa ya tsira don ya ga ana lallaɓa shi ba. Addu'a da tofi ba sa hana magani. Amma duk wanda ya ce a ɗaure shi, ko a doke shi don a fitar da wani abu daga jikinsa, ko a ajiye maganin farfaɗiyar da likita ya rubuta, ku nesanta shi da majinyacinku ko waye shi.

Akwai wani shugaban leburori a aikin titin jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, da ɗaliban likita suka san labarinsa. A 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa abokansa sun ce ba shi ba ne. Yawanci a nan ake tsayar da labarin. Ni abin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai: mutumin nan ya je ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya, aikin da sai da sammako, da kula da dabbobi, da iya zama da mutane. Sai a 1860 ya rasu.

Kana cewa a rungumi kasawa. Wannan ba sallamawa ba ce?

Bari in ba da labarin kofin koko. Da muka dawo gida hannunsa na dama ba ƙarfi, rawa yake yi. Safiyar farko ya ɗauki kofi, rabin kokon ya tafi a gaban rigarsa. Mama ta fashe da kuka, ta karɓe kofin ta ce, "Auta, bari in ba ka." Mako biyu tana ba shi a baki da cokali, shi kuma ya ajiye hannun a cinya kamar ba nasa ba. Ranar da muka koma wurin likitar gashin ƙashi, ta duba hannun, ta tambayi yadda yake cin abinci, sannan ta rusuna gaban Mama ta ce, "Mama, don Allah ki bar shi ya zubar. Riga ana wanke ta. Hannun nan in ya saba da zama, kafin ya tashi sai an sha wuya."

Maganarta tana da tushe. Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa idan gaɓa ta yi rauni, mai ita ya gwada ya kasa sau da yawa, yakan koyi daina gwadawa, ya ci gaba da ƙyale ta har bayan ta fara iya motsi. Wato wani kaso na nakasar koyonsa aka yi, ba hatsarin ne ya kawo shi ba. Daga binciken nan aka samo wata hanyar gashi da ake sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri na wasu sa'o'i don a tilasta wa mai raunin yin aiki. An fi gwada ta a kan masu shanyewar ɓarin jiki, kuma ba abin da za ku ƙirƙira a gida ba ne sai da umarnin likitan gashin ƙashi.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Waɗanda suka mutu a hatsarin sun tafi, amma waɗanda suka rage suna iya ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu, kamar yadda direbobi ke samo wata hanya ta cikin unguwa idan gada ta karye. Sai dai hanyar ba ta fitowa sai an yi ta bi, kuma farkon binta da tuntuɓe.

Muna da wata karin magana da ke yi wa irin wannan majinyaci illa: da muguwar rawa gara ƙin tashi. A gidan biki gaskiya ce. A ɗakin jinya kuwa muguwar rawar ce maganin. Auta ya sha ce mini, "Yaya, da in yi abin kunya gara in zauna." Abin da nake nufi da rungumar kasawa shi ne a yarda tun kafin a fara cewa yau za a zubar, za a manta, za a kira cokali da sunan wuƙa, sannan a yi wa hakan shiri. A shimfiɗa leda, a cika kofin rabi, a bar kokon ya huce, a sallami masu kallo. Juriyar da ake ta faɗa, ni ban ga an haifi kowa da ita ba. A gabana ta taru a jikin ƙanena, daga safiyoyin da ya kasa, ya ga duniya ba ta tashi ba, washegari ya sake miƙa hannu ga kofin.

To, a bar shi ya yi ta kuskure a komai ke nan?

A'a, kuma nan ne ni na yi nawa kuskuren. Auta ya dawo da mantuwa mai tsanani. Ni da halin malanta sai na riƙa yi masa jarrabawa: "Wane ne wannan? Tuna mana. Yau wace rana?" Ya canka ba daidai ba, in gyara masa, gobe ya maimaita waccan amsar dai da ba daidai ba. Ashe mai irin wannan mantuwar yakan riƙe kuskuren da ya furta da bakinsa, ya manta gyaran da aka yi masa. Masana biyu a Ingila, Alan Baddeley da Barbara Wilson, sun nuna haka a 1994: masu mantuwa mai tsanani sun fi koyo idan an ba su amsa tun farko, ba a bar su suna canke ba. Saboda haka sunan mutum, lambar waya, lokacin shan magani, a faɗa masa kai tsaye, ya maimaita, a rubuta a manna a bango. "Ga Hajiya maƙwabciyarmu ta zo gaishe ka" ta fi "ka gane wace ce wannan?" nesa ba kusa ba.

Aiki mai matakai kuwa daban yake, kamar dafa shayi, ko zuwa shago sayo sabulu, ko haɗa kayan ɗinki. A Ostireliya, Tamara Ownsworth da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2017 a kan masu mummunan raunin ƙwaƙwalwa da aka koya wa girki. Waɗanda aka bari suka yi kuskure, aka taimaka musu suka gano shi da kansu suka gyara, sun fi rage kuskure a wani sabon girkin da ba a koya musu ba, kuma sun fi gane inda matsalarsu take. Mu dai haka muka raba: abin haddacewa a ba shi kai tsaye, abin aikatawa a bar shi ya lalubo, wani na tsaye kusa.

Wace kasawa ce ba a gwaji da ita?

Wadda za ta iya jawo bugu na biyu ko ta taɓa rai. Tuƙin mota, keke ko babur sai likita ya amince, balle ga wanda farfaɗiya ta taɓa kamawa bayan hatsarin. Hawa tsani, jan ruwa a rijiya, wanka a bayi a kulle, tsallaka titi mai cunkoso irin na Terminus a Jos shi kaɗai, duk a dakata. A kula da girki a kan gas, domin da yawa jin ƙamshi da wari yakan ɗauke musu, ba za su ji gas na zuba ko tukunya na ƙonewa ba. Giya da burkutu da tiramol suna iya tayar da farfaɗiya. Wanda yake ƙwarewa ko tari idan yana ci ko sha, a sanar da likita kafin a ce a bar shi da kofi, domin abinci na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jijjiga, sabon mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa garau na fita ta hanci ko kunne. Waɗannan asibiti ne nan take. Jini na iya taruwa a hankali cikin kai makonni bayan bugu, musamman ga tsofaffi.

Ya gwada ya kasa, ya fusata. Me zan ce masa?

A lokacin da yake tafasa, magana kaɗan. A kashe talabijin, a fitar da yara, a ba shi wuri. "Ba komai" ɗin nan da ke bakinmu ƙara masa zafi take yi, domin a wurinsa da komai: mutumin da a da yake yanka shadda yana hira, yau ya kasa zura zare a allura. Auta ya taɓa ce wa matarsa, "Ki daina ce mini ba komai." Daga nan muka koma cewa, "Abin nan da ciwo. Mu huta, in an jima mu duba inda ya tsaya."

Mun sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Duk abin da ya gwada, matarsa ta rubuta abu uku: me aka gwada, a ina ya tsaya, me za a canza gobe. Ba ta rubuta "ya kasa". Takan rubuta "ya zura zare sau 2 cikin 10, da safe, da babbar allura". Bayan wata biyu, ranar da ya ce shi bai ga wani ci gaba ba, sai ta buɗe masa shafin farko. Mai mantuwa ba ya tuna yadda yake a watan jiya, kullum gani yake yana nan inda yake. Littafin nan, a ganina, ya yi mana aikin da ba ƙaramin magani ne zai yi ba, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Jiya ya iya, yau ya kasa. Ba lalaci ba ne?

Gajiya ce. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma wadda ta ji rauni tana shan wahala kafin ta yi abin da a da ba ta ma san tana yinsa ba. Hira da mutum uku lokaci guda, zagayen kasuwar Farin Gada da hayaniyarta, ko zaman ɗaurin aure, suna iya kwantar da shi kwana biyu. Ku lura da lokacin da ya fi kuzari, ku sa aiki mai wuya a nan, gajere-gajere, a huta tun kafin a gaji. Idan kasalar ta ƙi sauƙi tsawon watanni, likita ya duba barcinsa da magungunansa da sinadaran jikinsa, domin bugun kai yakan taɓa 'yar ƙullutuwar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran.

Ya nace lafiyarsa ƙalau, har yana neman makullin mota. Yaya za mu yi?

Rashin ganin matsalar yana cikin ciwon. Sashen da zai ce masa "ka yi kuskure" shi ma ya bugu, don haka gardama ba ta kai ku ko'ina. Abin da ya yi mana aiki shi ne a tambaye shi kafin ya fara: minti nawa kake ganin zai ɗauke ka? Auta ya ce zai haɗa wandon yaro a minti 20. Ya ɗauke shi har azahar, kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba wanda ya ce masa uffan. Ya daɗe yana juya wandon a hannunsa. Ranar ta yi masa ɗaci, mu ma ta yi mana, amma a ranar ce ya yarda ya koma gashin da ya ce ya gama da shi.

Wani lokaci kuma zai ba da labarin abin da bai faru ba, da dukkan gaskiyarsa. Ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓi. Kada a kira shi maƙaryaci.

Yana rikicewa a salla, ya ce gara ya bari. Me za mu ce?

Wannan ta fi kowacce taɓa ni. Auta ya tsaya a tsakiyar Fatiha ya rasa abin da ke gaba, ya manta raka'a ta nawa yake, ya sallame yana hawaye ya ce kunyar Allah yake ji. Limamin unguwarmu da ya zo dubiya ya faɗa masa abin da ni ban taɓa hangowa ba: ai addinin da ya tanadi ƙabli da ba'adi ya san mai salla zai manta. Wanda bai iya tsayuwa ba ya zauna, wanda bai iya zama ba ya kishingiɗa, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabinsa Imrana ɗan Husaini lokacin da yake rashin lafiya. Sai muka koma yin salla tare a gida yana bina, daga baya masallacin unguwa a gefen sahu kusa da ƙofa, kafin a kai ga Juma'a da cunkosonta. Azumi kuwa a tambayi likita tukuna, musamman mai shan maganin farfaɗiya a kan ƙa'ida. Marar lafiya yana da uzuri.

Wata maƙwabciyarmu 'yar zumuntar mata ta zo mini da tambaya makamanciyar wannan. Maigidanta kalmomi sun ɓace masa bayan hatsari a Hawan Kibo, amma idan aka ɗauki waƙar coci sai ya bi da bakinsa. Abu ne sananne ga masu irin wannan ciwon, domin waƙa da magana ba hanya ɗaya tak suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Haka nan mai harshe biyu ko uku, kamar yawancin mutanen Jos, wani harshen kan riga wani dawowa. A yi masa magana da wanda ya fi zo masa da sauƙi.

An ce bayan wata shida iyakar sauƙin ke nan. Gaskiya ne?

Sauƙi ya fi gudu a watanni shida na farko, wannan gaskiya ne. Bayan nan yana rage gudu amma ba ya tsayawa cak, kuma dabarun zama da abin da ya rage ana koyonsu har shekaru. Sai a shekara ta uku Auta ya fara karɓar kuɗi ya ba da canji daidai. Kada dai in yaudare ku, wasu abubuwan ba sa dawowa. Jin ƙamshi bai dawo masa ba har yau. Idan mutum ya yi kukan abin da ya rasa, kada a ce masa ba shi da tawakkali.

Yaushe za mu san damuwar ta wuce ta zaman jinya?

Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya bi mutum 559 da aka kwantar saboda raunin ƙwaƙwalwa a birnin Seattle na Amurka, ya gano kashi 53 cikin 100 sun kamu da ciwon damuwa mai tsanani a shekarar farko. Abin da ya kama fiye da rabin mutane ba za a ce raunin imani ne ba. Idan ya yi makonni ba ya son ci, ba ya son ganin kowa, ya daina duk wani gwaji, ko ya ce gara da ya mutu a hatsarin, ku ɗauki maganar da gaske. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Ganin likitan da ke kula da lafiyar tunani ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ciwon yana da magani.

'Yan dubiya fa?

Dubiya lada ce, amma mutum goma a ɗaki ɗaya azaba ce ga mai raunin ƙwaƙwalwa. Bibbiyu, a taƙaice. A roƙi mutane su daina "Allah sarki, ka ga yadda ya koma" a gabansa, domin yana ji. Idan yana laluben kalma kada a ƙarasa masa, a ƙirga goma a zuci tukuna. Makonnin farko gida kan cika, zuwa wata na uku sai a nemi mutane a rasa, alhali a lokacin ne aka fi bukatarsu. Wanda ya fi yi mana amfani wani abokinsa ne mai sayar da zare, da yake zuwa duk Alhamis su buga ludo, kuma bai taɓa bari Auta ya ci shi don tausayi ba.

Ni mai jinya na yi masa tsawa, raina ya kasa kwanciya.

Ni ma na yi. Wani dare ya yi ta tambayata ko an sayar da kekensa na ɗinki, ina amsawa yana sake tambaya, har na daka masa tsawar da ta tashi yara daga barci. Da safe shi ya manta, ni ban manta ba. Na ba shi haƙuri duk da haka, na kuma gane cewa kwana huɗu na yi ban yi barcin kirki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna ku raba kwanaki, a rubuta wa ke da wace rana.

Ina da magana ga dangin miji, don ni ma dangin miji ne. Nauyin yana kan matarsa. Ita ke wankin, ita ke shan zagin da bai san ya yi ba, ita ke kwana da ido biyu. Idan ya rame ko ya faɗi, kada a fara da tuhumarta. A ba ta ranar da za ta je gidansu ta yi barci.

Ina za a je a Jos ko Abuja, kuma kuɗin fa?

A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham wanda aka fi sani da Jankwano. A Abuja akwai Babban Asibitin Ƙasa mai cibiyar kula da waɗanda suka yi hatsari, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Likitocin gashin ƙashi sun fi samuwa. Masu koyar da magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum kaɗan ne a ƙasar nan, don haka duk wanda kuka samu, ku roƙi ya nuna muku abin da za ku riƙa yi a gida, ku ɗauka a waya.

Ku adana kowane rasit da hoton kai da rahoton 'yan sanda. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, kuma hukumar NSITF ce ke kula da ita. A tambayi tsarin inshorar lafiya na jiha, PLASCHEMA, ko na tarayya, NHIA, abin da suke ɗauka. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. Su ne kuma suka fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, hular da har gobe nake cewa ina ma tana kan ƙanena a ranar.

Zai koma sana'arsa kuwa?

Wasu suna komawa yadda suke, wasu suna komawa da sauyi, wasu sai sun nemi wata hanyar. Auta ya koma shago a shekara ta biyu, kuma ya yi gaggawa. Ana saura kwanaki Ƙaramar Salla ya karɓi shaddar wani bawan Allah mai tsada, ya yanka ta da awon wani mutum daban. Mu muka haɗa kuɗi muka biya. Mako uku bai leƙa ƙofar gida ba, ni kuma na ɗauka shi ke nan.

Tsohon yaronsa na shago ne ya zo har gida, ya durƙusa ya ce, "Maigida, ni in riƙa yankawa, kai ka riƙa haɗawa. Ɗinkinka har yanzu ya fi nawa tsabta." Auta ya sa matarsa ta ɗauko littafin nan, suka zauna su uku suka rubuta inda abin ya karye: hayaniyar shago, aiki bayan la'asar, awo biyu a kan takarda ɗaya. Yanzu daga safe zuwa azahar yake aiki. Kowane awo da takardarsa, a karanta wa mai kaya ya ji, a maƙala ta a jikin yadin da fil. Goman ƙarshe na azumi ba ya karɓar sabon aiki ko nawa za a biya. Abin da yake samu bai kai na da ba, amma shi ke sayen hatsin gidansa.

Makon jiya ya ce wa yaron ya ajiye masa ragowar yadi, yana so ya gwada yanka da hannunsa. Wandon ɗana ya auna. Na farko ya fito a matse a cinya. Ya rubuta a littafin, ya ce in turo masa yaron ranar Asabar da safe ya sake aunawa.